Akwati Mai Jin Jirage

Shafi na 17

Daga 'Yar Cadawa

Salamu alaikum mutanena. Na ga saƙonninku, har da na masu cewa na jefa Bilyaminu cikin wuta na tafi cin kasuwa. Ku yi mini afuwa, salulata ce ta faɗa bokitin wanki. Ke kuma da kika kira ni sau tara a yini ɗaya, Allah ya shirye ki. To, ku gyara zama.

*

Tun hantsi Bilyaminu yake durƙushe gaban ordinatar, wato kwamfuta, a ɗakin da yake gyaran rediyoyi da kayan sola, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Taswira tana nan a kan allo. Ga Maraɗi, ga Tibiri, ga Gidan Rumji inda yake zaune, ga zanen iyaka can ƙasa. Amma jirgi ko ɗaya babu.

Wata bakwai wani ɗan akwati da ya jona da ordinatar ɗin yana nuna masa duk jirgin fasinja da ya ratsa samaniyar yankin, da lambarsa da nisan tashinsa da inda ya dosa. Sai yau ya ga damar yin shiru. Yau ɗin da Mai unguwa Labo ya ce bayan la'asar zai zo da liman su gani da idonsu, in abin da ake faɗa ya tabbata a miƙa shi hannun jandarma.

Abin da ake faɗa kuwa ba ƙarami ba ne. Wai shi ke tsegunta wa 'yan bindiga in jirgin tsaro ya taso. Tun ranar da aka tare 'yan kasuwa a hanyar Gidan Sori aka kashe Usaini, maharan suka shige daji kafin jirgi ya iso, Garzali yayan mamacin ya nuna sandar ƙarfen da ke kan soron Bilyaminu ya ce ga mai gaya musu nan. Kuma ba jandarma ne suka fi ba Bilyaminu tsoro ba. Samarin unguwa ne, waɗanda ba lallai su jira jandarma ba.

In dattawa suka zo suka ishe allo babu komai, me zai ce? Cewa za a yi ya goge.

Ya zare 'yar na'urar nan mai kama da kle, irin wadda ake zuba waƙoƙi a ciki, wadda ita ce kunnen akwatin. Ta yi zafi rau. Ya hura ta, ya sake soka ta a wani ramin. Shiru. Ya auna batir, wuta lafiya lau. Ya auna wayar da ta sauko daga soro, ba ta haɗe ba, ba ta jiƙe ba. Ya ƙara ƙarfin ji har ƙarshe. Lambar da ke ƙidaya saƙon jirage ta tsaya a sifiri, ko motsi.

"Innalillahi," ya ce a hankali.

Ya juya kle ɗin zuwa tashar rediyo don ya gwada ko ta ƙone. Sai ga muryar wani mai wa'azi can ƙasa-ƙasa, cikin shuuu. To, kunne da ransa. Ke nan cikin kwakwalwar akwatin ne. Ya zare kart memwar, wato memorin akwatin, ya riƙe a tafin hannu, ya daɗe yana kallonta, don ya san in ya sake rubuta ta duk saitin da ya yi na wata bakwai ya tafi. Ya dubi agogo. Ya rubuta.

Minti arba'in ya ci. Ya sake shigar da lambobin wurin da gidansa yake, ɗaya bayan ɗaya, ya kunna.

Sifiri.

Za ku ce don me bai hau soro ya duba anten ba, wato eriyar da ke kan sandar, tun farko. Ai Mai unguwa ne da bakinsa ya ce kada a taɓa sandar nan sai sun zo. Ga shi tana can bayan soro, daga tsakar gida ba a hango ta sai daga lungun baya. Kuma kun san garin nan, namiji ba ya hawa soro sai ya yi shela maƙwabta sun kintsa. Yau in ya yi shela, unguwa duka ta san ya hau.

Hasiya matarsa ta shigo da kwanon fura. Ta ga na safe yana nan yadda ta aje shi.

"Maigida, ka sha ko kaɗan."

"Aje."

"Bai tashi ba har yanzu?"

"Kin ga alamar ya tashi?"

Ta aje, amma ba ta fita ba. Ta tsaya tana murza bakin zanenta.

"Wai mi ka hana irin wanga abu ji?"

"Hasiya, don Allah."

"Tambaya na yi."

Bai ko ɗago ba. "Waya ta tsinke. Ko ruwa ya shiga. Ko wani abu ya tare anten."

"Kamar mi?"

"Gini. Dutse. Ƙarfe."

Sai ta ce, da wata 'yar murya wadda ba tata ba, "Ƙarfe... har da garwa?"

Hannunsa ya tsaya cak. Ya juyo a hankali ya dube ta.

"Wace garwa?"

Sai hawaye. Wallahi ko ni da nake rubutawa na ji tausayinta.

"Da ka tahi masallaci da asuba na ɗauko tsani na hau. Garwar kananzir ɗin nan da munka huda, ita na kifa bisa. Na tura ciyawa a baki, na ɗaure da tsumma. Na ce duk wanda ya hango shi ce gidan tantabara ne."

"Gidan tantabara."

"Eh."

"Hasiya, muna da tantabara?"

"Sai mu saya!"

Dariya ta kubce masa, irin wadda ta fi kuka ciwo. Ya dafe kai da hannu biyu.

"Tun sahe kina kallona ina wahala. Na goge aikin wata bakwai kina tsaye. Ki ce mini garwa kawai, kin kasa?"

"Tsoro na ji! Ni ina na san garwa na toshe mishi kunne? Ba magana ba ce daga sama? Ai na ga ko cikin ɗaki mai kwano rediyo na kamawa."

"Wanga ba rediyon wa'azi ba ne!"

"To kai ka san abin da nike gani?" Ta share ido da bayan hannu, muryarta ta tashi. "Jiya a famfo na aje jarkata, mata ukku sunka janye nasu. Sunan gidan Malam Musa na je, tabarmar da na zauna babu wadda ta zauna har anka watse. Ƙosan da na aika ma Inna Mero, an maido shi ko taɓawa ba a yi ba. Inna Mero hwa, wadda ta yi mini wankan jego! Kai kana cikin ɗaki da jiragenka, ni ka fita cikin mutane."

Ya ji haushinta, ya ji kunyarta, duka a lokaci guda.

"Yanzu tun sahe duk wanda ya bi lungu ya ga garwa," ya ce. "In na bar ta, akwati ba ya ji. In na cire, sun ce na taɓa."

"To yaya za mu yi?"

Ya miƙe ya fita tsakar gida. Ya jingina tsani, ya cika ƙirji da iska.

"Salamu alaikum maƙwabta! Za a hau soro!"

Ya maimaita sau uku kamar yadda aka saba. Ya ji ƙarar kwanoni a gidan da ke gabas, ya ji ana kiran yara. Sai muryar wani namiji daga bayan katanga, ba sallama ba komai.

"Mi za a gyara kuma, Bilya?"

Ya kama tsani ya hau.

Ga ta nan kuwa. Garwa ta zauna daram a kan anten, da ciyawarta da tsummanta, rana ta gasa ta har ba ta taɓuwa. Ya naɗe hannu da rigarsa ya ɗage ta. Ɗaya daga cikin 'yan ƙafafun tagulla huɗu na anten ɗin da ya yanka da hannunsa ta lanƙwashe. Ya miƙar da ita a hankali da yatsa, yana addu'a kada ta karye, don kowace ɗaya santimita bakwai ce babu kaɗan, in ta gaza ko ta wuce ji ya ragu. Bai ɗaga ido ba, amma ya san a lungu mutum biyu sun tsaya suna kallonsa.

Kafin ƙafarsa ta taɓa ƙasa ya ji Hasiya daga ɗaki.

"Maigida! Yana motsi!"

Uku. Goma sha ɗaya. Arba'in da biyu. Lambar ta kama gudu. Sai ga ɗan jirgi rawaya ya ɓullo ta gabas, wani ya biyo daga kudu ya nufi arewa, kowanne da lambarsa a gefe. Bilyaminu ya zube a kan tabarma.

"Alhamdulillahi. Alhamdulillahi."

Hasiya ta durƙusa kusa da shi tana dariya tana kuka. Ita ma fa ta yi lakol, karatun boko har kolej, ba a yi mata wayo da rubutu. Idonta ya bi jerin da ke gefen taswira, layi ɗaya, layi biyu. A na uku ta tsaya.

"Wannan hwa?"

"Wanne?"

"Na ƙasa. Ba shi da suna. Kuma ban gan shi bisa taswira ba. Nisan tashin waɗancan dubu talatin da wani abu, shi dubu huɗu."

Bilyaminu ya duba.

"Ba komi ba ne."

"Dube ni."

Bai dube ta ba.

"Maigida, jirgin fasinja na tahiya ƙasa-ƙasa haka, babu suna? Na soja ne?"

"Ban sani ba. Wataƙila. Ba ya faɗin suna, ba ya faɗin inda yake. Tsawonsa kawai akwatin ka ji, shi ma ba kullum ba."

"Amma yana ji."

"Wani lokaci."

Ta ja da baya ta zauna dirshan. "La'ilaha illallahu. Gaban Mai unguwa ka ce ba ya jin su. Gaban babana ka ce ba ya jin su. Ni ma haka ka ce mini!"

"Tun wata na biyu na fara ganin irin layin nan. Tsoro ya kama ni, sai na sa mishi rariya, duk wanda ba shi da suna kada shi fito. Ni kaina ban so in gani. Da na sake rubuta kart ɗazu, rariyar ta tahi."

"Ranar da anka kashe Usaini hwa?"

"Ina Tibiri ina ɗaura sola a gidan mutane, kin sani. Akwatin na nan shi kaɗai, ɗaki a kulle." Ya kama hannunta. "Hasiya, wallahi tallahi ban taɓa gaya ma kowa zuwan jirgi ba. Akwatin nan ba ya da baki, kunne gare shi."

"Na yarda da kai. Garzali zai yarda?"

Daidai nan ladan ya ɗaga murya. La'asar.

"Maida rariyar," ta ce.

"Hasiya..."

"Maida ta! Kakanka daga ƙetaren iyaka ya zo, kullum sai sun tuna muna. In sunka ga layin nan ko jandarma ba za ka kai ba. Ka maida ta don girman Allah."

Ya maida. Minti biyu bai cika ba. Har sau biyu yana kuskuren harafi, amma ya maida, layin ya ɓace, allo ya koma jirage biyu masu suna. Ya yi alwala ya yi sallarsa a ɗaki, bai fita masallaci ba. Ku kada ku yi saurin zaginsa, ku tambayi kanku tukuna.

Ana idar da salla aka yi sallama.

Mai unguwa Labo ne a gaba da sandarsa, sai liman Malam Yasin da gafaka rataye a kafaɗa, sai Garzali. Garzali ya rame, idonsa ya faɗa, tun rasuwar ƙanensa ko aski bai yi ba. A waje kuwa samari sun cika bakin zaure, ana jin gunagunsu da ƙarar gora a ƙasa. Mai unguwa ya juya ya ce a turo ƙofa, aka turo aka sa sakata.

Bilyaminu ya durƙusa. "Ranka shi daɗe. Allah gafarta Malam. Garzali, ya ƙarin haƙuri?"

Garzali ya kau da kai.

"To ɗana, nuna muna," in ji Mai unguwa. Ya ciro tabarau ya maƙala.

Bilyaminu ya yi bayani dalla-dalla. Ya ce jirgin fasinja shi da kansa yake shelar sunansa da inda yake, kamar mai talla, don kada ya yi karo da ɗan'uwansa. Duk mai kunne irin wannan zai ji, ko a Yamai ko a Makka. Ya nuna waya, ya nuna babu layin tarho a jikin akwatin. Liman yana gyaɗa kai.

"Wanga ɗan rawaya, jirgi ne na gaske?" Mai unguwa ya sa yatsa.

"Na gaske ne, Baba. Nan da minti huɗu zai bi ta bisa masallaci, daga gabas."

Suka fita tsakar gida suka ɗaga kai. Minti huɗu bai cika ba sai ga farin zare yana tsaga sama, can ƙololuwa, ko ƙara babu.

"Ikon Allah!" Mai unguwa har da riƙe baki. "Kai yaron nan!"

"Kun gani ko?"

Garzali ne. Maganarsa ta farko ke nan.

"Kun gani da idonku. Ya san zuwan jirgi tun bai zo ba. Minti huɗu. Minti huɗu ya ishi mutum shi hau moto shi shige daji."

Murmushin Mai unguwa ya ɗauke. Suka koma ɗaki, kowa ya zauna, ba wanda ya dubi wani.

"Na fasinja ne," Bilyaminu ya ce. "Na tsaro ba su faɗin suna, ba su faɗin inda suke."

"Da sahe garwa bisa sanda, da azahar babu garwa. An ce kada ka taɓa, ka hau ka taɓa. Mi ka ɓoye?"

"Ni na kifa ta!" Muryar Hasiya daga bayan labule. "Baba, ni ce. Kunyar mutane ta sa. Shi bai ko sani ba."

Mai unguwa ya ɗaga hannu. "Ɗiyata, mun ji. Koma ciki."

Garzali ya juya ga liman, hawaye na bin gemunsa, bai ko share ba.

"Malam, ni ban san karatun nasara ba. Abin da ya nuna mini shi zan gani, abin da ya ɓoye ban gani. Uwa ɗaya uba ɗaya muke da Usaini, ni na ɗauko shi daga bakin hanya cikin amalanke. Ban neman komi sai abu guda. Shi dafa."

Dafa Alƙur'ani ba wasa ba ne a Gidan Rumji, kowa na iya lissafa maka gidajen da aka ce rantsuwar ƙarya ta rufe.

Malam Yasin ya sauke gafaka ya ɗora a kan cinyarsa. "Bilyaminu, kana da alwala?"

"Ina da ita, Malam."

"To ga abin da za ka ce. Ba ka taɓa gaya ma ɓarayi zuwan jirgi ba. Wanga akwati bai taɓa jin jirgin tsaro ba. Kuma ba ka ɓoye muna komi cikinsa ba."

Bilyaminu ya dubi gafakar.

"Malam, ta farkon zan rantse sau ɗari."

"Ukku anka ce," in ji Garzali.

"Ai ta farkon ita ce maganar..."

"Ukku!"

Mai unguwa ya matso ya dafa kafaɗarsa, ya sassauta murya. "Ɗana, ni na yi ma ubanka wanka. Ban son abin da zai taɓa ka. Ai kai da bakinka ka gaya mini ba ya jin su. Maimaitawa ce kawai. Ka dafa ka faɗi, ni da kaina in fita in kori yaran can, magana ta mutu yau."

Liman ya miƙo gafaka.

Bilyaminu ya ɗaga hannun dama. Ta ƙasan labule ya hango ƙafafun Hasiya, ba ta koma ciki ba, ta taka ɗaya da ɗaya. Ya san abin da take roƙo a ranta. Ya san in ya faɗi kalmomi ukun nan zai kwana a gidansa, gobe ya buɗe shago, Hasiya ta je famfo a yi mata sannu. Tsoro yake ji, tsoro irin wanda bai taɓa ji ba tun da aka haife shi.

Hannun ya sauka har ya kusa taɓa fatar gafakar.

Ya tsaya.

"Dafa mana," in ji Mai unguwa.

Ya janye hannun ya maida kan gwiwarsa.

"Baba, ban iyawa."

"Ba ka iya mi?"

"Ban gaya ma kowa ba, Allah shi ne shaidata. Amma akwatin yana jin su. Ni na hana shi nunawa."

Hasiya ta saki wata ƙara daga bayan labule. Sandar Mai unguwa ta kubce ta faɗi ƙasa.

Garzali ya miƙe, ya tsallake tabarma, ya nufi zaure.

"Garzali!" Liman ya kira. "Garzali, tsaya ka ji sauran!"

Ya zare sakata, ya wangale ƙofar.